Hattara da mai sayar da kujerun faiba, masu haɗa mota a Zariya

Jama'ar Zariya, musamman matasanmu masu ƙera mota da hannunsu, ku saurara. Akwai wani mutum da ke tallar kujerun faiba a Facebook da WhatsApp, masu zurfin nan irin na motar tsere, yana cewa 'yan Kwatano ne. Ƙanena ya faɗa hannunsa, kuma ba don Allah ya tsare ba, da yanzu zaman makoki muke yi.

Yaron nan ya fi shekara yana haɗa motarsa a bayan gidanmu a Tudun Wada. Shasin, wato ƙashin motar, na bututun ƙarfe ne, wani mai walda a Sabon Gari ya taya shi, injin kuma na tsohuwar Golf. Kujeru kaɗai suka rage. Mutumin ya karɓi rabin kuɗi ta banki, ya turo guda biyu, ya haɗo da yaronsa wai zai ɗaura kyauta. Ɗaurin nan shi ne masifar. Sukuru huɗu ya ɗaure kowace kujera da su, irin waɗanda ake kafa kwanon rufi, suka huda faiba suka shiga fallen ƙasan mota. Bel ɗin ma a jikin kujerar ya maƙala shi.

Ranar gwaji a hanyar Shika, akuya ta gifta, ƙanena ya taka birki. Ba gudu yake ba. Kujerar ta tumɓuke, ta tafi da shi har da bel ɗin, ƙirjinsa ya daki sitiyari. Da na iske shi a asibiti, numfashi da ƙyar, abin da ya fara ce mini shi ne, "Yaya, ban taɓa zaton kujera za ta ci amanata ba."

Na ɗauki kujerar na kai wa wani dattijon makanike. Ya ɗaga ta sama, sai ga hasken rana yana ratsa gindinta. Ya danna da babban yatsa, ta lotsa. Ya kankare fentin da wuƙa, fila ce, abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, dam a kan tsohon tsagu. Wurin sukurun kuwa ya yage kamar kwali.

Faiba zaren gilashi ne da aka jiƙa da gam ya daskare. Ba ta lanƙwasa kamar ƙarfe, tsagewa take yi, shi ya sa ɗan ƙaramin kan sukuru ke fasa ta. Dattijon ya nuna mini yadda ake yi. A yi waldar ƙarafa biyu a gicciye a jikin shasi, kujera ta zauna a kansu da maɗaurin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko fiye. Bol ɗin, wato ƙarfen da ake murɗa wa noti, ya zama mai milimita 8, wanda aka buga 8.8 a kansa, a ɗaure da noti mai roba a ciki don kada girgiza ta kwance shi. Duk inda ya ratsa faiba a sa faffaɗan washa ko farantin ƙarfe ciki da waje, da ɗan roba a tsakani. Bel kuwa a shasi ake ɗaure shi, ba a kujera ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin duk wanda ya san sana'ar ya san haka.

Sitikar shaida da mai sayarwar ya liƙa wa kujerar ma ta bogi ce. Kujerar tsere ta gaskiya tana zuwa da ramukan noti a gefenta tun daga kamfani, da shaidar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, mai lambar ƙa'ida kamar 8855-1999 da kwanan wata, don mai wannan lambar shekara 5 ne wa'adinta. Tasa babu lamba, babu kwanan wata.

Mun kira shi, ya toshe layinmu, ya canza sunan shafi, amma hotunan dai su ne. Yaronsa ya taɓa faɗa wa ƙanena cewa sun ɗaura wa wani irin wannan a Samaru. Idan kai ne, ko ka san shi, don Allah kada a sake tayar da motar nan sai an leƙa ƙarƙashin kujerar.