Stumble Guys: wata huɗu ina shan kaye a hannun yara

Ɗan ƙanwata ne ya saka mini wasan nan a waya, ran wata Alhamis da daddare, a gidansu da ke bayan Shari'a Mansur a Makka. Hutun makaranta ne, zafi ya hana kowa leƙa waje, yara sun cika falo kowa ya duƙufa a kan jawwal yana ihu. Na tambaye su me ake rabawa. Ya ce, "Kawu, kawo wayarka kawai." Kafin in shanye shayina har ya sauke wasan, ya ba ni wani guntun mutum mai ƙaton kai, ya ce in bi taro in yi ta gudu. Ban yi taku goma ba wani abu mai juyawa ya kwashe ni ya watsar. Falon ya kaure da dariya, har da uwarsu da ke kicin, wadda ba ta ma ga abin da ya faru ba.

Ga wanda bai san shi ba, mutum 32 ake zubawa a fili ɗaya ta intanet. A zagayen farko rabi su faɗi, a na biyu a sake tankaɗewa, a na ƙarshe mutum ɗaya ya ɗauki kambu. Wani filin tsere ne tsakanin ƙwallaye da ƙofofi masu juyi, wani kuma ba inda za ka, ka dai tsaya da ƙafarka har a rage. Babban yatsan hagu na tuƙi, na dama na tsalle, in ka sake dannawa kana sama sai ɗan mutumin ya yi sufa gaba. Iyakar karatun ke nan. Hausawan da aka haifa a nan suna ganinsa suke cewa ai Alhisn ne, shirin nan na Japan da suka taso suna kallo a talabijin, inda manya ke faɗawa cikin taɓo. Ni kuwa langa ya tuna mini, yadda ake bangaje mutum ana dab da shan ruwa.

Filin da na fi so shi ne Block Dash. Bangaye ne ke tahowa kanka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƴar kafar da za ka bi, in ka makara su tura ka ƙasa. A nan ne kaɗai natsuwar dattijo ke da rana, don yara garaje suke yi, ni kuwa sai in koma baya in karanci bangon tun daga nesa. Laser Tracer kuma, inda ake tsallake igiyoyin haske, har yau ban taɓa wuce minti ɗaya a cikinsa ba.

Wani abokin aikina a shago ne ya ce mini wasan ma ai na gida ne yanzu. Wani ƙaramin kamfani a Finland, Kitka Games, shi ya ƙirƙire shi. Scopely na Amurka ya saye shi a 2022, sannan a 2023 Savvy Games Group, wanda ke ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, ya saye Scopely ɗin baki ɗaya a kan dala biliyan 4.9. Masu cewa kamar wani wasa mai suna Fall Guys yake ba su yi ƙarya ba, wancan ne yaya. Amma wannan ya riga shi shiga aljihun talaka, domin wayar Android mai araha ma tana ɗaukarsa.

Maganar gaskiya, sati biyun farko da na yi ina bugawa ni kaɗai a ɗaki bayan an rufe shago, ya fara gundurata. Filayen suna maimaituwa, mutanen da kake karo da su ba ka san su ba, in ka ci ba mai taya ka murna, in ka faɗi ba mai yi maka dariya. Saura kaɗan in goge shi.

Abin da ya hana ni shi ne ɗakin da ake buɗewa da lamba. Mutum ɗaya ya buɗe, ya tura lambar, duk wanda ya shigar da ita ya faɗo fili ɗaya da ku. Muka tura ta Kano. Yanzu duk daren Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya a nan, tara a can, muna haɗuwa: yaran ƙanwata uku, ƴaƴan Yaya huɗu a Kano, autanmu da ke karatu a Madina, da ni. Mukan ajiye wata wayar a tsakiyar tabarma da kiran IMO a buɗe don mu ji juna. Ƴaƴan Yayan nan shekara shida rabona da su. Da in na kira, "Baffa ina wuni, lafiya lau" ne kawai sai su miƙa wa uwarsu wayar. Yanzu ƙaramarsu, wadda na bari a goye, ita ke cewa, "Baffa, don Allah ka daina tsaya mini a hanya." Na nan suna ta "yalla, yalla" da "khalas, ya faɗi", na can suna kwaikwayonsu, Hausar na nan kuma ta fara miƙewa.

Ba kullum ake jin daɗi ba. In shabakar can, wato intanet ɗinsu, ta yi rauni, sai yaro ya ga ya tsallake a wayarsa, mu kuma mu ga ya riga ya faɗa rami, a yi ta musu. In aka ɗauke wuta kuwa mutum huɗu ke ɓacewa lokaci guda.

Sai batun kuɗi. Kyauta ake sauke shi, amma shagon cikinsa a buɗe yake kullum, da tufafi kala-kala da lu'ulu'un da ake saye da riyal. Tufafin ado ne kawai, ba sa ƙara gudu. Waɗanda ban so ba su ne naushi, da runguma, da ɓawon ayaba da ake yar wa na baya, domin waɗannan suna canja wasa, kuma mai kashe kuɗi ya fi saurin samunsu. Kana bakin layi wani ya zabga maka naushi ka koma farko. A ɗakinmu mun yi doka: wanda ya yi naushi ba ya buga zagaye na gaba. Iyaye kuma su sa lambar sirri a kan sayayya kafin su miƙa waya, don yaro ɗan shekara bakwai bai san bambancin lu'ulu'un wasa da kuɗin cefane ba. Batir ma yana ci, wayata kan yi ɗumi bayan rabin awa.

Kambu ɗaya tak na taɓa ɗauka cikin wata huɗu, a Block Dash, daren da wutar Kano ta ɗauke kuma biyu daga yaran nan suka yi barci. Na ɗauki hoton allon na tura gidan Yaya. Da safe ƙaramar ta turo saƙon murya, ta ce wannan ba a lissafa shi ba, a sake ranar Juma'a.