Kafin ka biya kuɗin kwale-kwale a Yawuri: na gungume, na roba, ko na allon maɗaci?

Mai neman jirgin su ko na fito a bakin Neja, daga Yelwa har Warra, iri uku zai tarar: wanda aka sassaƙa daga gungume ɗaya, na roba da ake zubawa a masana'anta, da na allo wanda kafinta ke harhaɗawa da ƙusa. Mun fi son na allo, idan allon maɗaci ne ko kawo, kuma idan mai saye ya tsaya a kan aikinsa.

Na gungume jirgin kakanni ne, ba shi da haɗi balle ya yi yoyo, amma manyan itatuwan da ake fafe shi da su sun yi wuya, kuma wanda aka fafe da rimi yana shan ruwa, ga saurin ruɓa. Na roba ba ya ruɓa, sai dai iska na wasa da shi saboda rashin nauyi, in kuma ya fashe a ƙauye babu mai ɗinke maka.

Maganar fashewa ita ce ta sa muka tsaya a kan allo. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye dazuzzuka, kuma har yau kututturan itatuwan suna nan a ƙasa, suna matsowa kusa da sama idan ruwa ya ja. Jirgin da zai yi aiki a nan dole wata rana ya yi karo. Na allo in ya bugu, allo ɗaya ko biyu za a cire a mayar da sabo, kafinta ya gama cikin yini, gobe ka koma ruwa.

Jirgin su na mutum biyu ko uku, tsawon ƙafa 20 zuwa 25 ya isa. Kaurin allon ƙasa kada ya gaza inci 1 bayan an goge shi, na gefe zai iya sauka zuwa kashi uku cikin huɗu na inci. Haƙarƙari, wato katakon da ke riƙe ƙasa da gefe daga ciki, a jera su kusan kowace ƙafa 2, kuma a nan kawo ya fi maɗaci, domin ya fi tauri kuma ba ya motsi sosai idan ya bushe. Ba a yin jirgi duka da kawo don nauyi. Loko da ake kawowa daga kudu ma yana da kyau in ka samu na gaske. Idan inji za ka ɗora, ko da Yamaha mai doki 15 ne, allon baya ya kai inci 2 kuma a ɗaure shi da noti, domin girgizar inji tana zare ƙusa a hankali. Haɗin alluna kuwa a cusa masa auduga ko tsumma, a bi da kwalta mai zafi, sannan a rufe da siririn kwano. Ƙusa ta zama mai rufin tutiya. Ƙusar gini tana tsatsa, ta baƙanta katakon da ke kewaye da ita, ramin ya buɗe, ruwa ya samu hanya.

Wurin saye ne ake cutar mutane, kuma kwalta ce rigar da ake rufe kowane aibi da ita. Wanda ya nuna maka jirgi an riga an shafe shi baƙi ƙirin ciki da waje, bai nuna maka komai ba. Abu na farko da ake yi shi ne a ɗauko farin katako mara ƙarko, a shafa masa jan rini ko baƙin man inji, a ce maɗaci ne. Ka tafi da wuƙa. Kankare gefen allo ka shiga ciki kaɗan: maɗacin gaske ja ne har ciki, na rini kuwa fari zai bayyana nan take. Na biyu ya fi wannan wayo, domin maɗacin ne da gaske, amma an yanko allon daga gefen gungume, inda itacen yake fari-fari kusa da ɓawo. Wannan ɓangaren shi ƙwari ke fara ci, shi ke fara ruɓa. Allon da ke da farin layi a gefe kada ya shiga ƙasan jirginka, ko da kafinta ya ce, “Alhaji, ai kwalta za ta rufe.”

Sai ɗanyen katako. An yanko shi makon jiya, an buga shi yau, haɗin ya yi kyau kamar ba za a taɓa samun yoyo ba. Hunturu na busawa allunan su tsuke, tsakaninsu ya buɗe har ka ga haske. Ɗanyen allo yana da sanyi a tafin hannu, yana da nauyi fiye da kima, kuma ƙusa tana fito da danshi idan an buga. Allon inci 1 yana son watanni a inuwa, an jera shi da tsinke tsakani don iska ta ratsa. Akwai kuma masu cike tsaga da garin katako da gam, da masu sayen tsohon jirgi su sake masa kwalta da fenti su ce sabo ne. Basilla ce maganinsu: soka ta a kusurwar da haƙarƙari ya haɗu da ƙasa, da ƙarƙashin allon baya. In ta shige ba wahala, katakon ya mutu. Hatsarin da ya faru kusa da Warra a watan Mayun 2021, inda jirgi ya tsage a tsakiyar ruwa mutane masu yawa suka rasu, ya isa ya sa kowa ya riƙa duba ƙasan jirgi kafin fentinsa.

Don haka ka ba da aiki a yi maka, kada ka sayi wanda aka gama. Ka ga allunan a ƙasa kafin a buga ƙusa ɗaya, ka auna kaurinsu da kanka, ka sa musu alama da fenti don kada a musanya. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin katako. Cikon kuɗi sai an saka jirgin a ruwa kwana 2 ya kumbura, an kwashe ruwan, an ɗora masa buhunan yashi ya kwana. Ɗan danshi da safe ba laifi ba ne, amma ruwan da ya kai idon sawu aikin banza ne.

Wani abin da na allo ya fi sauran da shi: ana iya yin sa daidai jikin mai shi. Wanda shan inna ya taɓa wa ƙafafu, hannuwansa na da ƙarfin tuƙi, abin da yake rasa shi ne inda zai tokare. A faɗaɗa masa ƙasan jirgi da kamar inci 6, a sauke mazauni ya zama inci 4 ko 5 daga ƙasa, a sa majingina ta baya da katako biyu da za su riƙe ƙugu, sannan a rage tsayin gefe a wuri ɗaya don shiga da fita. Kada a taɓa ɗaure mutum da jirgi, ko da igiya mai laushi ce, domin in ya kife ba zai fita ba. Rigar da ke hana nutsewa kuwa dole ce.

Mai tuƙi da hannu ɗaya matsalarsa jirgi na juyawa gefe guda. A kafa masa siririn katako a tsaye a ƙarƙashin baya, tsawon ƙafa 2, zurfin inci 3 zuwa 4, kaurin inci 1, na kawo, jijiyar itacen ta bi tsawonsa don kada ya karye. A fiƙe gabansa ya sauko a hankali, in ba haka ba zai riƙa kama taru da ciyawa. Noti 3 suka isa, a shafe ramukansu da kwalta. Filafilin mai tuƙin kuma a yi shi gajere, a sa masa madauri a gefen jirgi ya zama madogara. A ruwa mara zurfi irin na Matan Fada a Argungu, zurfin katakon ƙarƙashin nan ya tsaya a inci 2, domin wanda ya fi haka zai riƙa tokarar yashi duk lokacin da aka zo gaɓa.