GARGAƊI ga masu shago a Alabar, Aboabo da Asawase: mai saka makulli da kyamara ya ci min sidi 14,600

Salamu alaikum jama'ar zongo. Duk mai shago a Kumasi ya karanta wannan ya tura wa ɗan'uwansa. Akwai wani mutum da yake yawo da jakar kayan aiki yana cewa shi ƙwararren mai makulli ne, yana saka kyamara da ƙofa mai buɗewa da yatsa. Ɓarawo ne, macuci ne, ya ci min sidi 14,600. A tsohon kuɗi miliyan 146 ke nan, ga masu lissafi da miliyan har yanzu irina. Kuma wannan kuɗin aiki ne kawai, ban sa kayan da aka kwashe min ba, zan zo kansu in zuciyata ta bari.

Yayana ya ce in yi shiru tunda magana tana hannun 'yan sanda. Na ji, ba zan faɗi suna ba, ba zan sa lamba ba, dama sunan da ya ba ni wa ya san ko nasa ne. Amma shiru kam ba zan yi ba, don na gaji da jin mutane a layinmu suna cewa wai yaya aka yi Hajiya da wayonta ta faɗa. Ni ban faɗa ko'ina ba, shiri aka yi min. Tun kafin a canza kuɗi a 2007 nake sayar da atamfa da leshi da shadda, na yi Lome na yi Kwatano na yi Kantin Kwari a Kano, da hannu kawai nake gane holan na gaske da na China ko da ido a rufe, to don Allah kar wani ya zo yana koya min sanin mutane.

Ku ji yadda ya shigo. Wata safiya makulli ya karye min a cikin kwaɗon ƙofar ƙarfe, rabi a hannuna rabi a ciki, ga kwastoma tsaye tana jira, yarinyata har ta tafi neman mai walda a yanke kwaɗon sai ga shi ya tsaya ya yi sallama. Ya tsuguna ya ciro wata 'yar siririyar waya ya zaro guntun makullin, bai yanke komai ba bai fasa komai ba. Na ɗauko sidi 50 na miƙa masa, ya ja da baya ya sa hannu a ƙirji ya ce haba Mma Hajiya, ɗa ba ya karɓar kuɗin uwa, ki sa min albarka kawai. Wallahi haka ya ce. Ki sa min albarka kawai. Na sa masa albarkar kuwa da bakina, har da Allah ya buɗa maka. Da aka kira azahar na gan shi da idona ya bi mazan layin zuwa masallaci. To ku faɗa min, waye a cikinku zai ga mutum ya ƙi karɓar sidi 50 da ya yi wa gumi ya ce wannan ɓarawo ne? Sidi 50 ya bari don ya ɗauki 14,600, ni kuma har yau in na kwanta hannun nan a ƙirji nake gani.

Na tambaye shi shago fa, kar a ce ban tambaya ba. Ya ce shagonsa yana Adum, gobarar watan Maris na 2025 ta cinye shi ƙurmus, yanzu daga gida yake aiki kafin Allah ya tsayar da shi. Wa bai ga gobarar nan ba a Kumasi? Mun san mutanen da suka rasa komai a ranar, wasu 'yan zongonmu ne. Ya nuna min hotuna a waya, idonsa har ya kawo ruwa. Yanzu ne aka ce min hotunan suna ko'ina a Facebook kowa zai iya ɗauka, amma a lokacin mutum yana tsaye gabanki yana maganar asara, me za ki ce masa, kawo takardar gobara?

Kuma shi ne ya nuna min kwaɗon nawa ba komai ba ne. A'a tsaya, wannan ba ranar ba ce, ya sake dawowa gaisuwa daga baya, ko kuma ranar ce da yamma, na manta, abin ya cakuɗe min. Ya dai ɗauki ɗaya kwaɗon ya zura wani ɗan falle na ƙarfe ta gefen hancinsa, ƙas, ya buɗe ba makulli. Cikina ya ɗuri ruwa don a watan an fasa wani shago a bayanmu. Ya ce Mma kayan da ke cikin shagon nan sun fi ƙarfin wannan kwaɗon. Gaskiya ya faɗa ai, wannan ne abin haushin, duk abin da ya faɗa kan kwaɗon gaskiya ne.

Lissafin da ya yi min: kyamara huɗu, biyu ciki biyu waje, da akwatin DVR mai naɗar bidiyon kyamara da talabijin ɗinsa, ƙofar gilashi ta ciki a sa mata makullin maganaɗisu mai buɗewa da yatsa, batir saboda dumso, wato ɗauke wutar nan da ake yi mana, sai manyan kwaɗo biyu na ƙofar ƙarfe. Na fara ba shi 9,000 na kaya wai daga Ankara, wato Accra, za a kawo. Sai 3,600 na hadis ɗin da ke ajiye bidiyo da batir, ya ce su daban ake saye. Sai 2,000 kuɗin hannu. 9,000 da 3,600 da 2,000, ku tara ku gani, 14,600. Na yi ciniki fa, daga 17,000 ya faro.

Lokacin tura 9,000 ɗin ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sunan mace ya fito. Na tsaya, ban danna ba, na ce wannan ba sunanka ba ne. Ya yi dariya ya ce layin matarsa ne, nasa ya cika ba ya karɓa. Duk mai kasuwa ya san ana haka, ni kaina sau nawa aka tura min kuɗi ta layin ɗiyata. Na ce ina Ghana Card, katin ɗan ƙasa, ya ciro ya nuna min, fuskarsa ce a kai, na ce bari in ɗauki hoto ya ce zai turo min mai kyau ta WhatsApp. Ya turo kuwa, ashe irin hoton nan ne na kallo ɗaya, kina buɗewa kina rufewa ya ɓace. Ya ba ni rasit mai hatimi da sunan kamfani da adireshin GhanaPost GPS. Rasit, hatimi, kati, adireshi, me kuma ya rage wanda mai hankali zai nema? Sunan kamfanin ɗan yayana ya bincika a rajistar kamfanoni babu shi, adireshin kuma da muka bi shi a pragya, keke mai ƙafa uku, wurin wankin mota muka tarar, yaran wurin ba su taɓa jin sunansa ba. Amma wannan duk bayan abin ya faru ne.

Aikin kuwa in kun gani sai kun yaba. Waya duk cikin bututu, ba abin da ke lilo. Ina zaune ina ganin shagona a talabijin, ina ganinsa a wayata ko ina gida, don ya sa wani ɗan akwatin intanet mai SIM, ni nake sa masa data da kuɗina. Na sa yatsa ƙofa ta buɗe, maƙwabta suka zo kallo, har na ba mutum biyu lambarsa, wannan ma yana ci min rai. Kyamarorin waje ba su fitowa a talabijin, ya ce wayarsu ce ba ta kai ba zai kawo doguwa, amma ki duba jar wutar nan da take ƙiftawa Mma, suna aiki.

Saura 'yan kwanaki babbar Sallah, shago cike, an yi ruwa da dare an ɗauke wuta. Da safe na zo kwaɗo biyu suna rufe yadda na bar su, ba kwarzane ba komai, maigadi ya ce bai ji ƙarar komai ba. Na ɗaga ƙofa na ga ta gilashi a buɗe. Holan turmi 46 babu. Gezna babu, leshi masu tsada babu, kuɗin da ke ƙarƙashin kanta inda ko yarinyata ba ta sani ba, babu. Ƙananan atamfofin nan masu araha ko ɗaya ba a taɓa ba, an zaɓa ne a natse. A ciki akwai kayan lefen mutane da suka riga suka biya, akwai na bashi da ban biya ba tukuna. Kuma aka mayar da kwaɗo aka rufe min, don rainin hankali.

Na ce alhamdulillah akwai kyamara. Na danna baya, babu. Na sake dannawa, babu, allo baƙi. Na kira shi ya ɗauka ya ce innalillahi Mma ina Techiman ga ni nan zuwa kar ki bari kowa ya taɓa akwatin. Kar ki bari kowa ya taɓa akwatin! Daga wannan maganar layi ya mutu har yau, na matar ma ya mutu.

Wani yaro da ya yi karatun lantarki, abokin ɗan yayana, shi ya zo ya kwance akwatin a gabana da gaban yayana. Wayam. Wurin hadis ɗin ba komai sai waya biyu a sake, 3,600 ɗina ke nan. Ya ce akwatin ko ba hadis zai nuna miki abin da ke faruwa yanzu, ajiyewa ce ba zai yi ba, kuma irinsa yana yin ƙara ɗit ɗit in babu hadis amma an shiga saiti an kashe ƙarar da gangan. Kyamarorin waje biyu na wasa ne, roba ce da batirin tocila a ciki yana kunna jar wuta. Makullin maganaɗisu kuma wuta ce take riƙe shi, ana ɗauke wuta yake sakewa, shi ya sa ake haɗa shi da batir, to batirin da ya sa min tsoho ne matacce an goge shi an liƙa masa sabuwar takarda. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Sai kwaɗon, yaron ya kai ni wani shago wajen Kejetia muka ga irinsa sak a rufe cikin ledarsa, makulli huɗu ne a ciki, ni uku-uku ya ba ni, kuma a buɗe ya kawo min su ya ce ya gwada ne. Na biya kuɗi na ba kura ajiyar nama.

Abin da ya fi sa ni rashin barci shi ne na wayar. Yaron ya ce irin wannan akwatin asusu ɗaya ake ɗaura shi a kai a matsayin mai shi, sauran sai dai a raba musu kallo. Da ya duba, asusun mutumin ne mai shi, ni baƙuwa ce a kyamarar shagona. Wato duk lokacin nan yana kwance a ɗakinsa yana kallona ina ƙirga kuɗi, yana ganin inda nake sawa, yana ganin ranar da kaya suka sauka, da datar da ni nake saya. Na tuna ma ya taɓa kirana ranar da aka kawo holan ɗin wai gaisuwa ce, Mma ya kasuwa, Allah ya kawo ciniki. Na ce amin ɗana. Ɗana na ce masa.

Masu cewa yarinyata ce ku ji tsoron Allah. Yarinyar nan a hannuna ta girma, ta yi kuka har ta kasa cin abinci, kuma ba ita ta cire hadis daga akwati ba, ba ita ta ɓoye makulli na huɗu ba.

Na kai ƙara, an rubuta, sun ce maganar kuɗin damfara ce ƙarƙashin sashe na 131 na dokar laifuka ta 1960, ta fasa shago kuma daban. Ɗan yayana ya kai rahoton lambar MoMo ɗin ta 292, layin hukumar tsaron intanet. Tun da na fara magana wani mai shagon kayan masarufi a Aboabo ya ce shi ma ta karyayyen makulli aka faro masa, kuma shi ma an ƙi karɓar kuɗinsa ranar farko. Har na fara tunanin ko makullin nawa ba da kansa ya karye ba, ko an cusa wani abu a kwaɗon da dare, don ta yaya aka yi yana wucewa daidai lokacin? Hausa a bakinsa tas, Twi tas, duk mace Mma ce duk namiji Baba Alhaji ne.

Ku sayi kwaɗonku da kanku a rufe cikin leda ku ƙirga makullan. A buɗe akwati ku ga hadis da idonku, a mayar muku da bidiyon jiya kafin ku cika kuɗi. A kashe mita a ga ko ƙofa za ta riƙe. Asusun kyamara da lambarku za a buɗe, faswod ku canza bayan ya tafi. Suna bai yi daidai a MoMo ba, kar ku tura.

Sikirinshot na MoMo da rasit da hoton akwatin wayam duk suna nan, zan sa su anjima in ɗiyata ta rufe lambobin, don wasu har sun fara cewa labari nake ƙirƙira saboda masu bin bashi. 14,600 ne, a rubuce yake. Duk wanda mutumin nan ya taɓa wa ƙofa ya canza kwaɗo yau ɗin nan kar ya kwana, sannan ya neme ni mu je wurin 'yan sanda tare don sun ce in muna da yawa maganar ta fi nauyi. Masu turo min lambar wani mai makulli wai amintacce ne kuma, don girman Allah ku dakata min haka.