Zagayen Ƙasusuwan Gadufawa a Gidan Tarihi na Yamai

Na ziyarci Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, da niyyar ganin ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin nan da ake kira dainoso, sai na dace da wata matashiyar mai bincike wadda ta zagaya da mu, kuma bayaninta ne ya sa nake ganin ziyarar ta cancanci lokacin kowa.

Tambayar da ta sa a gaba ita ce yadda ƙashi yake tsira daga ruɓewa. Ta bayyana cewa Gadufawa, wadda yau rairayi ne tsantsa a hamadar Tenere ta jihar Agadas, ƙasa ce mai koguna kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce. Dabbar da ta mutu a fili, masu cin mushe da zafin rana sukan warwatsa ta, amma wadda ambaliya ta binne da wuri cikin yashi da laka, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan riƙa shigar da ma'adanai cikin ƙofofin ƙashinta sannu a hankali har ya zama dutse. Saboda haka idan aka tarar da gaɓoɓi a jere, alama ce ta binnewa cikin gaggawa, idan kuwa a warwatse suke kuma sun goge, to ruwa ya yi tafiya da su. Wannan bayani ya ratsa ni ƙwarai, domin daga nan na fara kallon kowane ƙashi a matsayin shaidar yadda dabbar ta mutu.

Ta ambaci Philippe Taquet, Bafaranshen da ya fara tono a Gadufawa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda a 1976 ya raɗa wa wani dainoso da aka tono a can suna Ouranosaurus nigeriensis. Ta kuma daɗe a kan Nigersaurus, wani dainoso mai haƙora sama da 500, wanda wasu ƙasusuwan kansa ba su da kauri har haske yana ratsa su, shi ya sa sai an naɗe irinsu cikin filasta kafin a ɗaga. Iskar da take tone ƙasusuwan daga rairayi, in ji ta, ita ce kuma take cinye su idan aka yi jinkirin kwashewa.

Kuskurena shi ne zuwa da tsakar rana, har gajiya ta hana ni tsayawa sosai a gaban ƙwarangwal ɗin ƙaton kadan nan na zamanin da mai suna Sarcosuchus. Mai niyyar zuwa ya yi sammako, ya kuma nemi mai bayani tun daga ƙofa.