Babbar sabuwa ko ƙaramar ƴar Landan: wacce za ta yi wa Baba sauƙin rubutu?

Ƴar uwa, tsakanin sabuwar Tecno mai faɗin fuska da ƙaramar ƴar Landan ɗin da aka nuna miki, wato wayar gwanjo da aka riga aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ki ɗaukar wa Baba Tecnon kawai. Duka biyun sun ratsa hannuna.

Alhajinmu albasa yake sayarwa a Aliero, kuma ya fi shekara goma sha biyar yana riƙe da Nokia mai tocila. Yatsansa ya haddace madannan nan, ko cikin duhu ya san sau huɗu ake danna 7 kafin harafin s ya fito. A 2023 na saya masa Tecno Spark 10, mai fuska inci 6.6. Makon farko kam sai da ya ce in zo in ɗauki abata. Ya taɓa harafi ɗaya biyu su fito, ya rubuta Hausa wayar ta juya masa ita zuwa wata kalmar Turanci da bai taɓa ji ba.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci na zauna da shi a zaure. Na shiga saitin Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta wayar, na ƙara harshen Hausa, na kashe gyaran kalmar da take yi da kanta, na ja tsawon madannan har haruffan suka yi manya-manya. Sannan na kunna ɗan girgizan nan da waya ke yi in an taɓa harafi. Wannan ne ya fi yi masa amfani, domin mutumin da ya saba jin maɓalli ya nutse a ƙarƙashin yatsansa yana son wani abu ya shaida masa cewa ya danna. Da na nuna masa in ya danne k ya ɗan riƙe ƙ mai lanƙwasa za ta fito, haka d da b, sai ya yi ta rubuta "ƙanƙara" yana murmushi. Bayan kamar mako uku saƙo ya shigo mini da asuba: "ka tashi lafiya Allah ya yi albarka". Babu aya ko ɗaya, amma da hannunsa ya rubuta. Har yau ban goge shi ba.

Yanzu hoton buhu yake tura wa abokan cinikinsa na Legas ta WhatsApp. Saƙon murya ma yana yi, amma na roƙe shi kuɗi da lissafin buhu ya riƙa rubuta su da lamba, saboda gardama. Batirin wayar mai ƙarfin 5000mAh ne, yana kai shi dare a kasuwa. Abu ɗaya: da hunturu in yatsa ya bushe ya tsattsage, gilashi ba ya jin taɓi sosai. Ɗan basilin kaɗan ya wadatar, kada ku ce waya ce ta lalace.

Ƴar Landan kuwa, to, hotonta na da kyau, ba zan hana ta wannan ba. Amma fuska inci 4.7 ta yara masu siraran yatsu ce, kuma tawa wata huɗu ta yi gefenta na hagu ya daina amsawa. Ashe wanda ya sayar mini ya canja mata gilashi da na bogi bai faɗa ba.

Don haka ko sabuwar za ki saya, kada ki biya sai kin gwada a gaban mai shagon. Ki danna *#06#, lambar da ta fito ki haɗa da ta jikin kwali, don akwai masu zuba tsohuwar waya a sabon kwali su liƙe da leda. Ki danne hoton manhaja ɗaya ki ja shi lungu-lungu a fuskar, in ya suɓuce a wani wuri to wurin ya mutu. Ki rubuta q da p da a da l, haruffan gefe su ke fara tona asirin gilashin bogi. Ki karɓi rasit mai sunan shago. In kuma suka ce a kawo kuɗi su sa wa Baba madannai masu furanni da walƙiya, ki ce a'a, talla ce za ta cika masa fuska. Gboard kyauta ce.