Bayan hana leda mara kauri a Legas, wace jaka ta cancanci kuɗinka?

Tun ranar 1 ga Yulin 2025 gwamnatin Jihar Legas ta fara aiwatar da haramcin robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Da farar robar tekawe aka soma a Janairun 2024, daga baya aka haɗa da kofunan roba da cokula da duk ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba (maikiron ma'aunin kauri ne ɗan mitsitsi). Ledar fiya-wata da gorar ruwa ba su shiga ba. Hujjar gwamnati ita ce magudanan ruwan da leda ke toshewa, kuma duk wanda ya ga Legas da damina ba zai yi gardama ba. Abin da ya rage wa mai shago a Agege, da mai tumatir a Mile 12, da uwargida mai zuwa cefane, shi ne a me za a zuba kaya.

Mafi sauƙin canji ita ce leda mai kauri. Doka ta yarda da ita, ba ta yoyo, kuma babu abin da ya kai ta idan nama ne ko kifi ko niƙan kayan miya. Matsalarta biyu. Ido ba ya auna maikiron, domin 40 ɗin ma kashi 4 ne cikin 100 na milimita ɗaya, saboda haka mai shago ya nemi dillalin da ke rubuta kaurin a jikin bandir, kada ya dogara da "wallahi mai kauri ce". Na biyu, ta fi baƙar leda cin roba, idan an yar da ita bayan amfani ɗaya an ƙara ɓarna ne kawai. A wanke ta, a shanya, a sake.

Jakar takarda kuwa kwalliya ce. Ta dace da mai sayar da turare ko magani ko burodi, amma manja ya taɓa ta ko yayyafi ya same ka a tashar mota, kayanka na ƙasa. Ba ta cefane ba ce.

Wadda ta fi ruɗin mutane ita ce jakar nan mai laushi da ake rabawa a biki da taro, mai kama da yadi. Ba yadi ba ce, roba ce aka matse ta da zafi. Mai nauyin cikinsu tana daɗewa, mai shara-shara kuwa hannunta ke fara tsinkewa. Kenya ta ga wannan da idonta: bayan ta hana leda a Agustan 2017, da tarar da ke iya kaiwa shilin miliyan 4 ko ɗaurin shekara 4, sai irin wannan jaka mara inganci ta cika kasuwa, har hukumar muhalli ta ƙasar ta yi yunƙurin hana ta a 2019. Kafin ka biya, ɗaga ta sama ka duba. Idan haske na ratsawa sosai, ajiye ta. Duba hannun ma, wanda aka ɗinke da zare ya fi wanda aka liƙa da zafi nesa ba kusa ba.

Sai jakar auduga, wadda ake tallatawa a matsayin ta masu kishin muhalli, ake kuma tsuga mata kuɗi. Tana wankuwa, tana jure nauyi, tana shekaru. Sai dai noman auduga da saƙa ta na cin ruwa da wuta. Wani bincike da hukumar muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya nuna sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta rama hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, idan aka gwada da leda mara kauri guda. Ta takarda sau 3 take buƙata, leda mai kauri sau 4, mai kama da yadin nan sau 11. Ke nan wanda ya tara jakunkunan auduga biyar a gida bai yi wa kowa gwaninta ba. Idan yadi kake so, kai wa tela tsohuwar atamfa ko ragowar shadda ya ɗinka maka, ya ninka gindin. Ba sabuwar auduga aka noma dominta ba, kuma kuɗin ɗinki kawai za ka biya.

A ganina, mai cefanen gida ba shi da abin da ya wuce jakar buhu, wato bakko da ƙanwarta Ghana-must-go ƙarama. Roba ce ita ma, amma saƙaƙƙiya, tana ɗaukar doya da dankali da mudun shinkafa da yawa ba ta yi gezau ba, ruwa ba ya mata komai, ana ɗauraye ta a kife. Rauninta zif, sai rana, wadda ke sa ta marmashe idan an bar ta a tsakar gida. A zaɓi mara zif, a riƙa ajiyewa a inuwa. Kwandon kaba ya fi ta kyautata wa tumatir da ganye saboda iska na shiga, illa dai ba ya naɗuwa, kuma hawa acaɓa ko danfo (bas ɗin hayar Legas) da shi wahala ne.

A yi hattara da ledar da aka rubuta wa "mai ruɓewa". Wasu ba ruɓewa suke yi ba, an sa musu sinadari ne da ke sa su marmashe su zama ƙananan ɓarɓashin roba, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana irin wannan tun 2021. Rubutun jiki ba ya wanke ta a gaban jami'i idan kaurin bai kai ba.

Ɗan kasuwa mai tsallaka iyaka kuma ya sani cewa kowace ƙasa da ma'auninta. Ledar da ta halatta a Legas tana iya zama haramtacciya a Kamaru, inda aka hana wadda ba ta wuce maikiron 60 ba tun 2014. Nijar ma ta kafa tata dokar a 2014, ko da yake leda na nan birjik a kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Ruwanda kuwa, da ta hana tun 2008, ba ta duba kauri, a filin jirgin Kigali ake karɓe ta daga hannun matafiyi. Mai sarin jaka da yawa don shagonsa ya fara da bandir ɗaya na leda mai kauri don jiƙaƙƙen kaya, ya rataye bakko a bakin shago yana sayarwa daban.