Sarƙa ko ɗakin kare? Amsa ga mai karen da ya kai wa yaro cafka

Malam, tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce karenku ya yi wa ɗanka mai shekara 4 gurnani har ya cafki rigarsa, kana shawarar ko ka sayo sarƙa mai kauri ko ka gina masa wuri. Gina masa wuri. Duka biyun na mallaka, kuma sarƙar tana nan rataye a garejina a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, tsatsa kawai take ci.

Sarƙa tana da araha, yau ka saya yau ka ɗaure. Iyakar alherinta ke nan da zan iya faɗa. Kare take riƙewa, ba ta riƙe yaro, kuma a matsalarka yaron ne mai ƙafar zuwa.

Nawa karen, Duna, na gida ne, tun yana kwikwiyo na karɓo shi daga hannun wani mafarauci a wajen Argungu. Ranar da ya fara yi wa 'yata gurnani a kan kwanon abincinsa, na yi abin da kowa ke yi, na kafa turke a gindin darbejiya na ɗaure shi. Wata biyu ya yi a nan. A cikin wata biyun nan karen da ke gurnani sau ɗaya a mako ya koma yana zabura a kan duk wani mai ƙaramin jiki. Daga baya na gano dalili. Idan na fita aiki, yaran unguwa sukan leƙo ta ƙofa su jefe shi, don sun san iyakar inda sarƙar ke kaiwa. Shi kuma ba hanyar gudu. Dabbar da aka hana gudu, haƙori kawai ya rage mata. Ga sarƙar ta ci masa wuya ƙudaje na bi, ga shi yana zagaye turke har ya kifar da ruwansa da tsakar rana. Wata la'asar ƙwallon yarinyar ya gangara gindin bishiyar, ta bi shi. Allah ya taƙaita, hijabinta ya yage, fata ba ta taɓu ba. A daren na kira mai walda.

Surukina, tsohon manomi ne daga Gwandu, da ya zo ya ga wuyan karen cewa ya yi: "Wanga kare ba shi da laihi, kai ka haukata shi." Ban ji daɗin maganar ba, amma ban samu abin mayarwa ba.

Ga yadda na yi wurin. A kusurwar gida ta baya, inda yara ba su da hanyar wucewa, na sa aka jera bulo layi uku, aka ɗora ragar ƙarfe a kai har ta wuce tsayina. Faɗinsa ƙafa 6, tsawonsa ƙafa 10. Ka tsaya a kan mai waldan ya sa raga mai ƙananan idanu, wadda hannun yaro ba zai shiga ba, don in ka bar shi rodi zai jera maka kamar tagar shago, kuma yaro sai ya zura hannu. An dafe ƙasan da siminti an ɗan karkatar da shi don ruwan wanki ya fita. Ƙofar sakata biyu gare ta, ɗaya can sama, sai kwaɗo, makullin yana aljihuna ko hannun uwargida. Kuskuren da na yi shi ne rufin kwano zalla. Kai ma ka san Birnin Kebbi a watan Afrilu, zafi na haura digiri 40, wurin ya koma tanda. Sai da na shimfiɗa zana a kan kwanon na bar gefe biyu a buɗe iska na ratsawa.

Kada ka ɗauka kurkuku ne. Ƙarfe goma na dare, bayan yara sun shiga an rufe ƙofar falo, nake buɗe shi ya yi gadinsa, wanda dama don shi aka ajiye shi. Da na dawo daga sallar asuba sai ya koma. Makon farko da ƙashi nake lallaɓa shi ya shiga. Yanzu da ya ji ƙarar ƙofar gida, kafin in cire takalmi ya riga ni zuwa bakin ɗakin yana kaɗa wutsiya, don ya san a ciki kawai ake ba shi abinci. Yarinyar da ya yaga wa hijabi, yau ita ke zama a kujera 'yar tsugune, nesa kaɗan da ragar, tana jefa masa ƙanzo ina tsaye. Da ya hango ta sai ya kwanta ya ɗora haɓa a ƙasa yana jira. Duk da haka ban taɓa barinsu su biyu ba ni ba, kuma ba ni da niyya.

Na ga wani ya ce maka ka zane shi da dorina har ya daina gurnani. Kada ka yi. Gurnani sallama ce, yana cewa a matsa. In ka dake shi a kanta zai daina sallamar, amma abin da ke cikinsa yana nan, ran da zai yi cizo ba wanda zai ji komai. Kuma ka tuna fuskar yaro ɗan shekara 4 daidai bakin kare take. Abin da ya fi shi ne ka gano a kan me ya yi. Yana cin abinci ne? Barci yake aka faɗa masa? In karya ce, tana da 'ya'ya? Ko ciwo ne? Duba bakin kunnuwansa, ƙudaje kan cinye su har su yi gyambo, duba kaska tsakanin yatsunsa da cikin kunne. Yaro ya ja kunne mai gyambo, ko ɗan Adam ne sai ya ture shi. Ka koya wa mutanen gida alamun da ke zuwa kafin gurnanin ma: jiki ya sandare, ya kawar da kai yana kallo ta gefe har farin idon ya fito, yana lasar leɓe ba abinci a gabansa. Da an ga haka a ɗauke yaro, ba surutu.

Takunkumi kuwa na zuwa asibiti ne, ba na zama ba. Na yadin nan da ke ɗaure baki gam yana hana kare haki, kuma da haki yake fitar da zafin jikinsa. Ka bar masa shi a bazara sai ka tarar da gawa.

Ba ka tambaya ba, amma tuɓe rigar yaron ka duba jikinsa da kyau. Ko ƙarzanar haƙori ce, a wanke da sabulu da ruwa mai zuba na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Ba toka, ba barkono, ba ƙona gashin karen a shafa. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, kuma hukumar lafiya ta duniya ta ce wajen kashi 40 cikin 100 na masu mutuwa da shi yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Allurar rigakafin da za a yi wa yaron ba ɗaya ba ce, akwai ta ranar farko, ta rana ta 3, ta rana ta 7, sauran likita zai gaya maka. Karen kuma kada a yi saurin kashe shi, a tsare shi kwana 10 ana lura ko zai canza. Nan ma ɗaki ya fi, don karen da ake zargi ba a barinsa a turke inda kaji da awaki da yara ke wucewa.

Sai ka yi hattara da masu yawo da jaka suna cewa allurar rigakafin hauka suke yi wa karnuka. Ni sun ci kuɗina. Mutumin ya zaro kwalba daga aljihun riga, cikin ranar nan, ya tsira wa Duna, ya karɓi kuɗi, ba kati ba komai. Da na ba likitan dabbobi labari, dariya ya yi, ya sake sabuwa. Rigakafin nan a sanyi yake rayuwa, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ba daga firij ko kula mai ƙanƙara aka ciro shi a gabanka ba, ruwa ka saya. Je asibitin dabbobi na gwamnati, ka karanta kwanan watan da ke jikin kwalbar, ka karɓi kati mai sa hannu. Daga wata 3 ake fara yi wa kwikwiyo, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin nata, akwai kuma na waje. Haka masu talla a Facebook da za su ce ka ba su naka su musanya maka da "ɗan waje mai horo, mai son yara", cinikin biri a sama ne. Babban karen da mai shi ke gaggawar rabuwa da shi, ka tambayi kanka wa ya ciza.

Wuri ɗaya ne zan ce maka sarƙa da ɗakin duk ka bar su. In karen ne ke bin yaron da kansa, ba abinci, ba ciwo, ba tsokana, ko ya taɓa cizo ya riƙe yana girgizawa, to zamansa a gidan yara ya ƙare. Kai shi gona ko garke inda manya ne kawai, kuma ka gaya wa mai karɓa gaskiyar abin da ya yi. Wata rana za a manta da sakata, ko baƙo ya buɗe.

In ba haka ba ne, gobe ka kira mai walda. Kafin ya gama, rufe karen a sito da ruwansa, ka bar taga a buɗe, makullin a aljihunka.